GYARAN LAMBOBIN SOJA: A YI HATTARA DA GYARAN GANGAR AUZINAWA

A gidaje da yawa na ƙasar nan akwai wata tsohuwar adaka da ba a cika buɗewa ba. In aka tona ƙarƙashinta sau da yawa akan tarar da wani ɗan ƙunshin tsumma, a cikinsa kuwa ga waɗansu ƙarafa uku ko huɗu sun yi baƙi, ƙyallayen da ake rataya su sun koɗe. Waɗannan su ne lambobin da tsofaffin soja ke kira minda, tare da bajon hula da na kafaɗa. Yawancin masu su sun riga mu gidan gaskiya. Abin da magada suka yi da ƙunshin nan a ranar da suka gano shi, shi ke nuna ko tarihin mai shi zai tsira ko kuwa zai bi shi kushewa.

ASALIN LAMBOBIN

Rundunar da Turawan Ingila suka kafa a 1897 don tsaron Afirka ta Yamma, wadda aka ƙara wa laƙabin sarauta a 1928 ta zama RWAFF, bajonta itacen kwakwa ne na tagulla, da haruffan sunanta a gindi. A Yaƙin Duniya na Biyu an fitar da manyan rundunoni biyu daga cikinta aka kai su Bama. Runduna ta 81, wadda aka haɗa a 1943 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, watau Gizon tatsuniya wanda mutanen Ashanti ke kira Ananse. Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a giciye bisa gammo, don tunawa da masu dakon da suka ratsa dazuzzuka da kayan faɗa a kai. Sunayen barikoki irin su Myohaung da Arakan da Dodan a Legas duk daga fagagen faman Bama aka samo su.

Wanda ya dawo daga can yakan samu tauraron yaƙin 1939 zuwa 1945, da Tauraron Bama, da mindar ƙarshen yaƙi. Wanda ya fara da Somaliya da Habasha, kamar shahararren sajamanjan nan Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, yana da Tauraron Afirka kuma. A yau masu tara kayan tarihi suna neman irin waɗannan ruwa a jallo, har akan yi gwanjonsu a London.

GARIN NEMAN GIRA

Babbar ɓarnar da ake yi wa lambobin nan ba daga maƙiya take fitowa ba, daga masoya ne. Jika ya ga mindar kakansa ta yi baƙi, sai tausayi ya kama shi, ya nemo toka da lemun tsami, ko rairayi, ko soson ƙarfe, ya yi ta dirza har ta yi ƙyalli. Bai sani ba kowace dirza tana kwashe wani abu daga jikin ƙarfen. Ko man gogewa na kanti irin su Brasso, wanda soja suka saba da shi a bariki, cin ƙarfe yake yi sannu a hankali. Shi ya sa akan ga tsohon bajo wanda ganyen kwakwarsa ya shafe sarai, ko minda wadda fuskar Sarki George ta zama sumul kamar tsohon kwabo.

Asarar ta fi tsanani a kan lambobin da suka girmi yaƙin Hitila. Mindar azurfa ta Yaƙin Duniya na Farko, da wadda aka bayar tun daga 1902 saboda yaƙe-yaƙen Afirka, har da na cin Kano da Sakkwato a 1903, an buga sunan mai su da lambarsa da rundunarsa a kewayen bakinsu. Haruffan nan ƙanana ne ƙwarai. In suka shafe, minda ta zama marainiya, babu mai iya cewa ga wanda ya ɗaura ta. Ga masu tarawa kuma, baƙin nan da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfe shaida ce ta tsufa, ba datti ba ne, kuma kankare shi rage daraja yake yi.

YADDA GWANAYE KE YI

Ƙa'idar ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi ita ce a taɓa kaɗan, kuma kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Da farko sukan ɗauki hoton lambar gaba da baya, su rubuta duk abin da ke jikinta. Sa'an nan su kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi. In da maiƙo ko datti, sai ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ba tare da an bari ya taɓa ƙyallen ba, a ɗauraye, a busar sarai. Daga nan akan shafa wani irin kaki siriri don ya tsare ƙarfen daga iska. Ba sa kama ta da hannu tsirara, domin gishirin gumi yana barin tabo.

Akwai tsatsa iri biyu a kan tagulla. Wadda ta yi duhu ta kwanta lif, wannan ba ta da lahani, a ƙyale ta. Amma in aka ga wani koren gari yana tsattsafowa, wannan ciwo ne mai ci, gishiri da laima ke haddasa shi, ya kuwa fi yawa a garuruwan bakin teku kamar Legas da Fatakwal. Irin wannan sai a raba lambar da sauran, a ajiye ta a busasshen wuri, a nemi masani.

Bajon hula yawanci daga baya yake karyewa, wurin 'yan kunnuwan nan biyu da ake soka tsinke a ciki. A nan ne maƙerin fari yake da amfani, amma sai mai haƙuri. Liƙi da dalma ba ya bukatar wuta mai yawa, sai dai yana barin tabo fari kuma ba ya daɗewa. Liƙi da azurfa ya fi ƙarko, amma zafinsa ya haura digiri 600, yana iya sauya launin bajon, ya ƙone ruwan zinariya in akwai, ya fasa ado mai kama da tangaran da ke kan waɗansu. Saboda haka in bajon ajiyewa za a yi, ba sawa ba, gara a bar shi a karye, a adana kunnen da ya cire tare da shi. In kuwa an liƙa, amana ce a faɗa wa duk wanda zai saya.

ƘYALLE DA TAKARDA

Ƙyallen minda ma magana yake yi. Na Tauraron Bama ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu a gefe, da ratsin ruwan lemo mai nufin zafin rana. In ya yage ana iya sa sabo na ainihin launinsa, amma kada a yar da tsohon. Bajon gizo-gizo da na masu, da yake na yadi ne, ba a wanke su ba a yi musu guga, sai dai a tsare su daga rana da asu da gara. Kada kuma a ɗaure lambobi da roba ko a naɗe su cikin ulu, domin suna sa azurfa baƙi.

Wani abin lura shi ne Ingila ba ta buga suna a kan taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Don haka takardar sallama da hoton mai su su kaɗai ke haɗa shi da lambobinsa. Raba su da juna, ko rarraba lambobin mutum guda tsakanin magada, daidai yake da yaga littafi a ba kowa shafi. Mai tunanin kai wa maƙeri ya narke masa zobe kuma ya sani mindar ƙarshen yaƙin nan, ko da yake fara ce, ba azurfa ba ce, gamin jan ƙarfe ne da nikel.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana taruwa a tuna da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Waɗanda suka ga Bama da idonsu sun kusan ƙarewa. Ya kamata kowane gida da ke da irin wannan ƙunshi ya fiddo shi tun da sauran dattijan da suka san mai shi, a rubuta sunansa da garinsu da inda ya yi yaƙi a takarda, a naɗe tare da lambobin cikin farin ƙyallen auduga, a mayar adaka.