Daga Apapa Zuwa Dogarawa: Yadda Takardar Kwastam Ke Yanka Farashi a Kasuwannin Zariya

Dogarawa ba ta kan iyaka, ba ta kuma bakin teku. Daga nan zuwa tashar Apapa da ke Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800, Jibiya ma sai an ci sa'o'i a mota. Amma unguwar tana zaune ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta nufi Kano, dab da Kwangila, inda wata hanyar ta ɓalle ta bi ta Samaru zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato. Dare da rana tireloli ne ke ratsawa, masu kwantena sun yi arewa, masu masara da waken suya da shanu sun yi kudu. Kowace kwantena tana tafe da takardunta, kuma abin da aka rubuta a takardun nan shi ne yake zama farashin batirin sola da tayar babur da maganin feshi a kasuwar Sabon Gari.

Wannan alaƙa tsohuwa ce. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja domin ɗauko goro sun san kuɗin fito a kowace ƙasa da ayarinsu ya ratsa, kuma aikin madugu ne ya san nawa za a biya, da wanda za a biya. Ita kanta Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ma'aunan auduga da gyaɗa. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin sayen amfanin gona suka karɓe harkar: su saya a hannun manomi a kan farashin da suka yanke, su sayar a kasuwar duniya, rarar ta shiga baitulmali. Haraji ne wanda ba a ba manomi rasit. Sai a 1986 aka rushe hukumomin. Saboda haka manomin ƙasar Zazzau ya daɗe yana ɗaukar nauyin manufar cinikin waje, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Abin da ya dame ni a yau shi ne yawan sauyin doka ba tare da gargaɗi ba. Ɗan kasuwa yana iya jure haraji mai nauyi in ya san shi tun kafin ya saro kaya, domin zai saka shi a lissafi. Wanda ke karya shi shi ne harajin da ya canza kayansa suna kan ruwa.

A duba yadda ake lissafin. Mai shigo da kaya yana buɗe takardar Fom M ta bankinsa, da lambarsa ta biyan haraji. Hukumar Kwastam ta fitar da takardar PAAR mai nuna ajin kayan da ƙimarsu. Idan kayan na ci ne ko magani, sai da izinin NAFDAC. Idan na lantarki ne ko ƙarfe, sai da shaidar inganci ta SON. Kuɗin fito kuwa yana bin jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Najeriya ta fara aiki da shi a 2015, mai hawa biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A kan wannan ake ɗora wasu ƙananan kuɗaɗe, sannan harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Sai dai ƙimar kayan da dala ake rubuta ta, biya kuma da naira ake yi, to a nan gizo ke saƙa. Kafin Yunin 2023 Kwastam tana lissafin dala a kan kimanin naira 422. Bayan da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, lissafin ya yi ta hawa har ya haura 1,500 a Fabrairun 2024. A ƙaddara kwantena ce ta dala 20,000 mai fiton kashi 20, wato dala 4,000. A tsohon lissafi kusan naira miliyan 1.7 ne. A sabo, miliyan 6. Kaya ɗaya, doka ɗaya, cikin wata takwas. Mutum ya saro da wani lissafi a Guanzu ta ƙasar Sin, kafin jirgi ya iso Legas lissafin ya rushe, kwantena ta zauna a tasha kuɗin jinkiri na taruwa a kanta kullum. A ƙarshen wannan wata na Fabrairu Babban Banki ya ba da umarnin a riƙa amfani da canjin ranar da aka buɗe Fom M, amma a lokacin jarin mutane da yawa ya riga ya narke.

Kuɗin shigar Kwastam ya tashi daga naira tiriliyan 3.2 a 2023 zuwa 6.1 a 2024. An yi murna a Abuja, kuma ba na musun cewa hukumar, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, ta ƙara ƙaimi wajen toshe kafofin zurarewa. Amma babban ɓangare na ƙarin faɗuwar naira ce ta kawo shi, kuma aljihun mai saye a Samaru da Muciya ne ya biya.

Irin wancan sauyi na ba-zata aka yi da harajin kashi 4 na ƙimar kaya, wanda sabuwar dokar Kwastam ta 2023 ta tanada, dokar da ta maye gurbin ta 1958. An fara karɓa a Fabrairun 2025, aka dakatar cikin kwanaki saboda kukan masu masana'antu, aka dawo da shi a Agusta, a Satumba Ministan Kuɗi Wale Edun ya sake ba da umarnin dakatarwa. Ta yaya mai ɗan jari zai tsara shekararsa a haka?

Mu a Arewa mun fi jin zafin abin ta kan iyakokin tudu. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe su, wata guda kacal bayan Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka a Yamai. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufe iyakar Nijar har zuwa Maris 2024. An ce don kare manomin shinkafa da hana fasa-ƙwauri aka yi rufewar farko, kuma gaskiya ne injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kabi da Jigawa. Amma cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, ya girmi iyakar kanta. Da aka toshe ƙofa, kaya suka koma bin daji a kan babura, gwamnati ta rasa kuɗin fito, mai bin doka ya zauna ba ciniki, ɗan fasa-ƙwauri ya samu kasuwa babu abokin takara.

Labarin masara ya fi kowanne taɓa ƙasar Zazzau, domin daga Giwa zuwa Soba zuwa Saminaka ita ce dukiyar talaka. Masara tana cikin jerin kayan da doka ta hana fitarwa waje. A tsakiyar 2024, da yunwa ta tsananta, gwamnati ta yafe kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba. Niyyar mai kyau ce, kowa ya ga halin da magidanta suka shiga. Amma sharuɗɗan sun taƙaita damar ga manyan kamfanoni masu shekaru a cikin aiki, ga shinkafa ma sai mai injin da ke cashe aƙalla tan 100 a rana. A 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, taki da maganin feshi kuwa, waɗanda dala ke tuƙa farashinsu, suna nan a sama. Manomin da ya ci bashi ya noma ya tarar an buɗe ƙofar shigowa, ta fita kuma a garƙame. Mai saye ya ɗan sarara, wannan gaskiya ne. Sai dai in manomi ya rage gona bana, mai sayen ne zai biya baɗi. A ganina duk lokacin da za a yi irin wannan yafiya, ya kamata a sanar da ita kafin shuka, a kuma haɗa ta da sauƙin taki ko sayen rara zuwa rumbunan gwamnati.

Ba duk laifin ke kan gwamnati ba. Yawancin 'yan kasuwarmu masu saro kaya daga Sin ko Dubai ba su da kwantenar kansu. Haɗaka ake yi, a biya ejan bisa kilo ko bisa girman kwali, ya ce shi zai fito da kaya har Zariya. Ba a tambayarsa da wane suna ya rubuta kayan, ko nawa ya ce ƙimarsu. Idan ya rage ƙima ko ya sauya aji don ya ci riba, ranar da jami'an sintiri na shiyya ta biyu, masu hedikwata a Kaduna, suka tare motar a hanya, mai kayan ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna. Wanda ya zuba miliyoyi a kaya ya kamata ya karɓi kwafin takardar bayanin kaya da rasit ɗin biyan fito, ya kuma tabbatar ejan ɗinsa yana da lasisi. Rangwamen da ejan ke yi wa mutum ba tare da takarda ba bashi ne da ke jiran ranar biya.

A ɓangaren fitarwa ma haka ne. Mai son fitar da riɗi ko citta ko zoɓo sai ya yi rajista da hukumar NEPC, ya buɗe takardar NXP a banki, ya samu shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, ya biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin dubawa, sannan ya dawo da kuɗin cinikin cikin kwana 180. Wannan duk mai yiwuwa ne. Inda muke faɗuwa shi ne sito. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya, saboda yawan maganin ƙwari irin na piya-piya da aka samu a ciki. Abin takaici, a Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda asalinta ya faro tun 1922, ita ce ta fitar da irin wake na SAMPEA da masarar SAMMAZ, kuma malaman gona sun daɗe suna koyar da ajiya a buhu mai ruɓi uku wanda ba ya buƙatar magani. Ilimin yana nan a ƙofar gida, amma kasuwa ta kuɓuce mana saboda abin da ake zubawa a buhu. Wannan waken da Turai ta ƙi, mu muke ci da 'ya'yanmu.

Akwai wata dama da ba mu ci moriyarta yadda ya kamata ba. Zariya tana tsakiyar tashoshin tsandauri uku: ta Kakuri a Kaduna da aka buɗe a Janairun 2018, ta Dala a Zawaciki da ke Kano a Janairun 2023, da ta Funtuwa a 2024. Manufarsu ita ce a yi duk aikin Kwastam a nan Arewa, kwantena ta wuce Legas a rufe. Amma tashar tsandauri ba ta da armashi sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci. Muddin kwantena za ta hau tirela ta bi ta shingaye da masu karɓar kuɗi a kowace mararraba, tanadin da ake fata ba zai samu ba. Ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a hanyar Basawa, wadda ilimin jigilar kaya shi ne aikinta.

Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun ƙara ɗaure kasuwanci da lambar haraji da ajiye lissafi. Wanda ba shi da su zai ci gaba da fakewa a bayan wani, ana cin ribarsa.

Ina kira ga Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastam da su riƙa ba da wa'adi na aƙalla wata uku kafin duk wani sauyin fito ya fara aiki, su bar kayan da suka riga suka taso a kan tsohon lissafi, su kuma fitar da sanarwarsu da Hausa a gidajen rediyo. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwar Sabon Gari da ta Samaru kuma su gayyato jami'an Kwastam da na NEPC da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, a zauna da 'yan kasuwa a koya musu takardun nan ɗaya bayan ɗaya, kafin kakar bana ta shigo.