Ƙotar Sandar Golf: Lanƙwasa, Murɗewa da Tasirinsu ga Bugu

1.0 Gabatarwa

Maharbin Kufena ya san ƙarfin kibiya yana ga lanƙwasar baka, shi ya sa masu buga golf a Zariya da Kaduna da Kano da yawa suke zaton ƙotar sandarsu ma haka take aiki. A wannan takarda za mu nuna cewa kamar ba ta cika ba, kuma wannan zato kan sa mutum ya kashe kuɗi a kan sandar da ba ta dace da shi ba.

2.0 Abin da Ake Yin Ƙota da Shi

A da itacen hikori ake amfani da shi, amma itace yana murɗewa, kuma yakan canja da damina da hunturu. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta Birtaniya kuwa a 1929. Ƙotar zaren kabon ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1970. Ta ƙarfe takan kai giram 120, ta kabon kuwa sau da yawa ba ta wuce 60.

3.0 Halin Ƙota Lokacin Bugu

Yayin da mai wasa ya fara sauko da sanda, nauyin kan yakan ja ƙotar ta lanƙwasa baya. Kafin a sadu da ƙwallo sai ta dawo ta lanƙwasa gaba, watau fuskar kan ta ƙara kallon sama, ƙwallo ya ƙara tashi. Haka kuma takan murɗe, domin nauyin kan ba a kan layin ƙota yake ba. Idan fuskar ta karkace, ƙwallo ya kauce dama ko hagu.

Amma fa haɗuwar kai da ƙwallo ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Lokacin ya yi kaɗan ƙwarai, ƙota ba ta iya ƙara turi a cikinsa. Cochran da Stobbs sun nuna a 1968 cewa a wannan lokaci kan yana aiki ne tamkar ba ya haɗe da komai.

4.0 Kammalawa

Ashe ke nan aikin ƙota shi ne ta kai kan ga ƙwallo cikin sauri, fuskarsa a daidaice. Mai saurin lilo yana bukatar ƙota mai tauri, mai lilo a hankali kuwa mai taushi, marar nauyi. Haruffan L, A, R, S da X da ake rubutawa suna nuna tauri, sai dai ma'auninsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Saboda haka muna ba da shawara a auna saurin lilon mutum kafin ya sayi sanda.