Yadda Ma'aikatan Rasha Ke Rainon Tumatir A Bakin Taga

A cikin watan Maris, lokacin da zafin bazara ya fara gasa mutane a Kano da Sakkwato, birnin Mosko na ƙasar Rasha yana nan lulluɓe da dusar ƙanƙara, ƙasa kuma ta daskare har fartanya ba ta shigarta. Amma wanda ya ɗaga kai ya dubi tagogin dogayen benayen birnin zai ga kwalaye da kofunan roba jere, kowanne da ɗan tsiro. Tsirran tumatir ne da tattasai da kabeji, waɗanda masu gidajen ke raino kafin lokacin dashe ya yi.

Dalili kuwa shi ne gajartar lokacin noma. A yankin Mosko kwanakin da ruwa ba ya daskarewa da dare ba su cika wuce wata huɗu da rabi ba, watau daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, ɗumi na sosai kuma sai a Yuni da Yuli da Agusta. Shi kuwa tumatir yana bukatar wajen wata huɗu daga shuka zuwa nuna, kuma dare guda na sanyin da ke daskarar da ruwa ya isa ya kashe shi. Saboda haka tilas ne mai lambu ya ci wata biyu na farko a cikin ɗaki.

Yawancin masu wannan aiki ba manoma ba ne. A shekarar 1949 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ba da umurnin a yanka wa leburori da ma'aikatan ofisoshi filayen lambu, don rage ƙarancin abinci da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Filin da aka saba bayarwa murabba'in mita 600 ne, kwatankwacin mita 30 a tsaye da 20 a kwance. Irin wannan lambu na bayan gari, tare da ɗan ɗakin da ake ginawa a ciki, shi ne suke kira daca. Amfaninsa ya fito fili bayan wargajewar Tarayyar a 1991, sa'ad da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuma ya riƙa makara wata da watanni. A ƙarshen shekarun 1990 kusan kashi 90 cikin 100 na dankalin Turawan da aka noma a Rasha daga gonakin gida na ƙauyawa da lambunan mutanen birni ya fito.

Aikin yana farawa da tattasai a ƙarshen Fabrairu, domin shi ne mai nawar girma, tumatir kuma ya biyo baya a tsakiyar Maris. Ana binne irin kamar santimita guda a ƙasa mai laushi, a rufe da leda, a ajiye inda ɗumi ya kai digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin santigired. Cikin mako guda tumatir ya tsiro. Daga nan sai a cire ledar a mayar da shi wuri mai ɗan sanyi da haske, idan kuma ya yi ganye biyu na ainihi a raba tsirran, kowanne da kofinsa.

Babbar matsala a wannan lokaci ita ce haske. Yini gajere ne, hadari kuma ba ya rabuwa da sararin sama, don haka tsiron yakan yi ta miƙa wuya wajen taga har ya zama dogo siriri marar ƙarfi. Masu lambu sukan juya kofunan kullum, wasu kuma su kunna fitilar lantarki a kansu. Har ila yau akwai wata cuta da Rashawa ke kira baƙar ƙafa, wadda ke ruɓar da gindin tsiro idan ruwa ya yi yawa a ƙasa mai sanyi. Wanda ya yi gaggawar shuka a Janairu, tsirransa za su galabaita a kofi kafin waje ya yi ɗumi. Wanda kuma ya yi sakaci har ƙarshen Afrilu, sanyi zai riski tumatirinsa yana ɗanye.

Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san iska ko zafin rana ba, don haka ba a kai shi lambu kai tsaye. Ana fitar da shi baranda sa'a ɗaya ko biyu a ranar farko, a riƙa ƙara lokacin har kwana goma ko mako biyu. Bayan haka ne ake ganin mutane a jiragen ƙasa masu zuwa bayan gari, rungume da kwalayen dashe. Mai rumfar leda ko ta gilashi yakan dasa a tsakiyar Mayu, amma wanda zai dasa a fili sai ya jira makon farko na Yuni ya wuce, domin sanyi yakan yi kome bayan an ɗauka ya tafi.

Ba kowane kayan lambu ke bukatar wannan ɗawainiya ba. Karas da latas suna jure sanyi, ana shuka su a lambu tun ƙarshen Afrilu. Dankali akan binne shi a hutun farkon Mayu, tafarnuwa kuwa a Oktoba, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara har ta tsiro da narkewarta. Bugu da ƙari, abin da sanyi ya hana, tsawon yini yakan rama: a Yuni rana takan yi fiye da sa'a 17 a Mosko, alhali a Kano yini mafi tsawo bai kai sa'a 13 ba.

Daga tsakiyar Agusta raɓa mai sanyi takan kawo cutar da ke baƙanta ganye da 'ya'yan tumatir. Sai a tsinke su kore, a shimfiɗa a ɗaki su nuna. Kokwamba da kabeji ana adana su da gishiri a kwalabe, dankali da karas kuma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wasu sukan ware tumatir mafi kyau su cire irin baɗi, sai dai irin kamfani mai alamar F1 ba ya haifar da kamarsa idan aka sake shuka shi.

Manoman rani na Kadawa ma suna rainon tumatir a ƙananan fangali kafin su dasa, bambancin kawai shi ne su sanyin hunturu abokinsu ne. Ma'aikacin da ke da fili a bayan gidansa a Kaduna ko Zariya ba ya bukatar fitila ko baranda: irin da ya zuba a Oktoba zai isa dashe cikin mako huɗu, ya kuma shiga tukunyar miya tun kafin mutumin Mosko ya dasa nasa.