Matsalar Sabunta BIOS a Sabuwar Kwamfuta

BIOS wata 'yar manhaja ce da ke cikin babban allon kwamfuta, wadda kan tayar da sassan na'urar da zarar an kunna ta. Akan sabunta ta idan allon bai gane sabuwar ƙwaƙwalwar da aka ɗora masa ba, kamar yadda allunan B450 suka yi da Ryzen 5000 na shekarar 2020.

Idan sabuntawar ta ƙi, galibi ba allon ke da laifi ba, filashin ne ko fayil ɗin da ke cikinsa. Wajibi ne filashin ya kasance bisa tsarin FAT32, fayil ɗin kuma ya dace da samfurin allon, domin harafi ɗaya kan bambanta alluna biyu. Suna ma abin lura ne. Alal misali, maɓallin sabuntawa da ke bayan allunan MSI ba ya karɓar fayil sai an raɗa masa MSI.ROM.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki ta fi muni, don takan bar allon a mace. Cire batirin allon ba ya magance wannan, saituna kaɗai yake gogewa. Sai dai a gwada maɓallin nan, ko mai gyara ya sake rubuta manhajar da na'urarsa.