Kyamara da Ƙararrawa a Gidajen Gwarzo da Kabo: Me Suke Tsarewa?

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Gwarzo da dare a 'yan shekarun nan zai lura da fitilun sola a kan katangu. A wasu gidaje da shaguna kuma an ƙara da kyamarar tsaro da ƙararrawa mai kuwwa idan an taɓa ƙofa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Gwarzo na kan iyaka da Jihar Katsina, kuma hare-haren 'yan bindiga a Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun hana mutane barci da ido biyu a rufe. Tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta sa asarar babur ko ɗan bijimi ta zama karayar jari. Ga kuma kyamarori masu aiki da hasken rana da layin waya, waɗanda ba sa jiran wutar KEDCO.

Amfanin waɗannan na'urori a kan ɓarawon unguwa a fili yake. Mai haura katanga duhu yake nema, haske da kuwwa kuwa suna korar sa. Hoton kyamara yana rage zargin banza, wanda kan raba zumunci, wani lokaci har ya kai ga dukan marar laifi.

Sai dai akwai gefe na biyu. Ƙurar hunturu kan rufe farantin sola, batir ya mutu tsakar dare. A ƙauyen da sabis ke rawa, saƙon gargaɗi ba ya isa waya a kan lokaci. Ƙararrawar da akuya ke tayarwa kullum, maƙwabta kan daina kula ta. Kyamarar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci keta haddin iyalinsa ce. Ɓarawon da aka kora daga gidan mai hali kuma yakan koma gidan talaka. Uwa-uba, na'ura ba ta tare mai bindiga.

Saboda haka ƙararrawa ba ta da amfani sai da wanda zai amsa ta. Ya kamata masu unguwanni a Getso, Lakwaya, Garo da sauran garuruwa su haɗa jama'a a yi karo-karo: fitila a kowane lungu, jiniya ɗaya ga unguwa, da lambar 'yan sintiri da ta ofishin 'yan sanda a wayar kowane magidanci. Tsaron da ya tsaya a gida ɗaya bai isa ba.