Daga Tishigu zuwa cikin kwamfuta: yadda ake gina hanyar tseren dodon mota

Duk wanda ya san Tamale, babban birnin Yankin Arewacin Gana, ya san gari ne na babura. Maza da mata, tsoho da yaro, kowa na kan mashin, ga kekuna masu ƙafa uku da ake kira yalo-yalo suna kutsawa ta kowane lungu. A Tishigu, ɗaya daga cikin unguwannin birnin, da zarar an sauka daga kwalta sai jar ƙasa, mai ƙura lokacin hunturu, mai santsi da damina. Irin wannan ƙasa masu ƙirƙirar wasannin tsere na kwamfuta ke sha'awa, amma ba kasafai ake ganin garuruwan Afirka ta Yamma a wasanninsu ba. Sai dai wasu daga cikin wasannin sun bar ƙofa a buɗe: mai wasa na iya gina tasa hanyar ya saka a ciki.

Motar da ake magana a kai ita ce wadda Amurkawa ke kira monster truck, wato dodon mota. Asalinta a-kori-kura ce ƙirar Ford da wani mutum, Bob Chandler, ya riƙa yi wa gyara a yankin St. Louis daga tsakiyar shekarun 1970, ya sa mata suna Bigfoot. A 1981 aka ɗauki hoton bidiyonta tana take ƙananan motoci, daga nan abin ya zama sana'a. Na yanzu tsayin tayarsu inci 66 ne, kusan mita 1.7, nauyinsu ya haura tan 5, faɗinsu ya kusa mita 4, kuma tayoyin baya ma suna juyawa kamar na gaba.

Kamfanin Microsoft ya fitar da wasan Monster Truck Madness a 1996, ya biyo da na biyu a 1998. Abin da ya raya wasan bayan kamfanin ya yi gaba shi ne masu sha'awa da suka riƙa zana sabbin hanyoyi da manhajoji irin su Traxx suna rabawa a intanet. A yau an fi yin wannan aiki a Rigs of Rods, wanda wani Bafaranshe, Pierre-Michel Ricordel, ya fara a 2005 kuma kyauta ne, da BeamNG.drive na wani kamfani da ke Bremen a Jamus. A waɗannan biyun motar ba dunƙulallen ƙarfe ba ce. An gina ta da ɗigogi da sanduna masu lanƙwasuwa, don haka idan ta sauka da baki za a ga gabanta ya lotse.

Aikin yana farawa ne da taswirar tudu da kwari. Hoto ne baƙi da fari wanda wasan ke karantawa a matsayin tsayin ƙasa: inda ya yi fari tudu ne, inda ya yi baƙi kwari ne. A nan sabon shiga ke fara tuntuɓe. Hoton da aka adana da bit 8 matakai 256 kawai gare shi tsakanin baƙi da fari. Idan tazarar wuri mafi tudu da mafi kwari mita 100 ce, kowane mataki zai kai kusan santimita 39, sai gangara ta koma tamkar matakalar bene, mota na ta tsalle ba dalili. Hoto mai bit 16 yana da matakai 65,536, shi ne ke ba da ƙasa mai laushi.

Wanda ke son ainihin shimfiɗar Tamale ba sai ya ɗauki ma'auni ya fita ba. A watan Fabrairun 2000 hukumar NASA ta auna tsayin mafi yawan doron ƙasa daga kumbo, a shirin da ake kira SRTM, kuma bayanan kyauta ne. Matsalar ita ce kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 30. Kwata, ramin hanya, tudun bola, duk ba za su fito ba. Ga shi kuma Tamale shimfiɗaɗɗen gari ne, ba irin Jos mai duwatsu ba. Idan aka zuba bayanan yadda suke, faranti za a samu. Dole mai zane ya sa hannu, ya haƙa kwazazzabo inda ruwan damina ke bi, ya ɗaga kafaɗar hanya, ya ɗan ƙara gishiri a gangarar da babur ba ya ko jin ta.

Tsarin tituna kuwa ana samunsa a OpenStreetMap, taswirar da jama'a ke zanawa da kansu tun 2004. Ana iya amfani da ita muddin an ambaci inda aka samo. Hotunan Google Maps ba haka suke ba, mallakar kamfani ne, kwafe su cikin wasa saɓa ƙa'ida ne. Ko an samu tsarin, lungun da yalo-yalo biyu ke gogar juna kafin su wuce ba zai ɗauki mota mai faɗin mita 4 ba, balle guda shida suna tsere. Sai an faɗaɗa hanyar, an sassauta kwanoni, an ja gidaje baya. Abin da ke sa ɗan unguwa ya gane wurin ba daidaiton awo ba ne, launin ƙasar ne, da itatuwan dalbejiya, da rufin kwano, da rumfunan masu sayar da fetur a kwalba.

Tudun tsalle shi ne ran wasan, kuma lissafi ne zalla. Motar da ta hau tudu mai karkatar digiri 20 tana gudun kilomita 60 a awa za ta yi tafiyar kusan mita 18 a sama kafin ta dawo daidai tsayin da ta tashi, idan an ajiye maganar iska gefe. Idan gudun ya kai kilomita 80, tazarar za ta zama kusan mita 32. Gudu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku kawai, amma tsalle ya kusa ninkawa. Shi ya sa ƙwararru ke fara duba tsawon miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban tudun, domin ita ke yanke gudun da mota za ta iso da shi. Wurin sauka kuma gangara ake yi masa, doguwa, yadda mai tsoro da mai ganganci duk za su sami inda za su dira. Sauka a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa karya ƙafar mota take yi.

Sai maganar riƙon taya. Kowane irin ƙasa a wasan yana da lambobinsa: yadda taya ke kama shi, da yadda take nutsewa. Hanyar Tishigu ɗaya za ta iya zama biyu. Ta watan Janairu busasshiya ce, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin taya, hazo ya rage nisan gani. Ta Satumba kuwa taɓo ne da kududdufai, birki ba ya kamawa da wuri, kwanar da aka sha da gudu a rani yanzu sai an lallaɓa.

Bayan haka ake dasa ƙofofin da dole kowace mota ta ratsa bi da bi, in ba haka ba mai wayo zai yanke ta bayan gidaje. Ana kuma shata layin da motocin da kwamfuta ke tuƙawa za su bi. Gine-gine ana ƙera su a Blender, ita ma kyauta ce.

Akwai abin da manhaja ba za ta yanke wa mai zane ba. Wannan wasa ne na takewa da rugurguzawa, unguwa kuwa ta mutane ce. Sanya masallaci na gaske, ko maƙabarta, ko gidan sarki a inda mota za ta iya hawa kansa neman rigima ne, kuma ba ya ƙara wa tseren komai. Ya fi dacewa a bar irin waɗannan wurare can nesa a bayan shinge, a canza sunayen shaguna, a tara tsofaffin motoci na ƙage a fili domin takewa.

Babban cikas kayan aiki ne. Shagunan wasa a Tamale, kamar na Kano da Maraɗi, sun fi karkata ga PlayStation da wasan ƙwallon ƙafa, alhali wannan aiki kwamfuta yake so, BeamNG.drive ma mai ƙarfi yake buƙata. Gana ba baƙuwa ba ce a harkar, tun 2009 Eyram Tawia da abokinsa ɗan Kenya Wesley Kirinya suka kafa kamfanin wasanni na Leti Arts. Amma matashin da ke da tsohuwar kwamfutar cinya gara ya fara da Rigs of Rods, da fili ƙarami, kilomita ɗaya tsawo da faɗi, da gidaje iri biyar ko shida da zai riƙa maimaitawa yana canza musu fenti. Hakan zai rage nauyin fayil ɗin, abokansa su iya saukewa ba tare da datarsu ta ƙare ba.