Matsayin Bindiga da Sassanta a Idon Doka: Misali Daga Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Gumel ya san 'yan bindigar Sarki da rugugin da suke yi. Haka kuma a Ɗanzomo da ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa, ba abin mamaki ba ne a ga maharbi rataye da bindigar toka. A bakin Bahaushe duka sunansu bindiga, sai dai ya ce adaka, ko harba-ka-ruga, ko libarba. Amma ita doka tana da nata rabe-raben, kuma a kansu ne ake ɗaure mutum ko a sake shi.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko shi ne na haramtattu, watau igwa da gurnati da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja masu faɗin baki kamar milimita 7.62, har da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasin riƙe su, wanda aka kama da ɗaya ba izini kuwa ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Kashi na biyu shi ne na bindigogin farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasinsu. Na uku shi ne waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da ikon hana riƙe su ba lasin, in Gwamna ya yarda.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfin bindiga ba shi ne ma'auni ba ko yaushe. Bindigar toka doguwa tana kashi na uku, amma in maƙeri ya ƙera gajera ta riƙewa da hannu ɗaya, ko da albarushin da ƙyastun iri ɗaya ne, ta faɗa kashin farko tare da igwa. Dalili kuwa a fili yake: doguwa ba ta ɓuya, gajera kuwa sai ta shige aljihun riga a ratsa kasuwar Maigatari da ita ranar Alhamis ba wanda ya sani. Don haka ne ma dokar ta hana a datse bututun bindigar farauta ya kasa inci 20.

To, yaya matsayin bindigar da aka wargaza? Dokar Nijeriya ta yanke magana gajere, ta ce kowane sashe na bindiga shi ma bindiga ne. Amurka kuwa ta bi wata hanya mai sarƙaƙiya. Dokarsu ta 1968 ta zaɓi gangar jikin bindiga a matsayin ita ce bindigar. A samfurin AR-15, wannan shi ne akwatin ƙasa mai riƙe da kunama da gidan harsashi, kuma a jikinsa ake buga lamba. In an sayar da shi tsirara, ba doguwa ba ne, ba kuma gajera ba, sai abin da aka fara haɗa shi ya zama. In an fara sa masa gindin dafawa a kafaɗa da dogon bututu, ya zama doguwa ke nan, ba a mai da shi ta hannu sai da rajista ta musamman a ƙarƙashin dokar 1934. In kuwa ta hannu aka fara yi, ana iya mai da shi doguwa mai bututun da ya kai inci 16, a kuma sake komar da shi yadda yake. Ƙarfe biyu masu kama ɗaya, tarihin haɗa su ne kawai ya bambanta hukuncinsu.

Tsarin Nijeriya ya fi sauƙin fahimta, amma ya fi tsanani ga maƙeri, domin ƙira ko gyaran bindiga, ko da ta toka ce, sai da izinin hukumar 'yan sanda. Bututun da maharbi ya kawo maƙera a toshe masa tsaga, a idon doka bindiga ce aka ajiye a gindin uwar maƙera.